Yadda Ake Yi wa Tsohon Gida Kuɗi a Kano

Tun daga bakin titi gogaggen dillali yake fara yi wa gida kuɗi, kafin ma ya hango ƙofarsa. A nan zai ajiye babur ya shiga unguwar da ƙafa, yana tafe yana auna faɗin lungu da ido. Mota za ta shiga? Tifar yashi fa? In sai an sauke yashi da bulo a bakin hanya an riƙa jidar su a baro, to duk wanda ya sayi gidan da niyyar sake gini zai biya kuɗin dako a kan kowane buhun siminti, kuma daga farashin gidan za a zabge wannan kuɗin. A cikin birni, wajejen Yakasai ko Koki, akwai lungunan da mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya raɓe. Gida biyu masu girma ɗaya, ɗaya a bakin kwalta ɗaya a ƙuryar irin wannan lungu, ba a haɗa su a ciniki.

Daga nan sai ya sunkuyar da kai ƙasa. Shekara da shekaru ana cike hanya ana ɗaga ta, gida kuwa yana nan inda aka kafa shi, har ya zama in za ka shiga zaure sai ka gangara. Ruwan sama ma haka zai yi. Shi ya sa masu sanin abin suka fi son duba gida a watan Agusta, tsakiyar damina, lokacin da kwata da rufi ba sa iya ɓoye halinsu. In kuwa da rani aka kira shi, sai ya nemi layin da ruwa ya bari a gindin katangun maƙwabta. Mai gida yana iya shafe nasa da fenti, amma ba zai fente unguwa duka ba. Wani abin kuma sai an tambayi dattawan wurin: da can mene ne a nan? Kano ta yi kududdufai da yawa, ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, daga baya aka cike wasu da shara aka yi gidaje a kai. Ƙasar ciko takan ci gaba da zama, ginin da ke kanta ya bi ta.

Zai tsaya wurin mai shayi, zai yi hira da mai ga-ruwa. Rijiyoyin unguwar suna ƙafewa da bazara? Awa nawa ake samun wuta? Tun Afrilun 2024 da aka ƙara wa layukan rukunin farko kuɗin lantarki bisa alkawarin awa 20 a rana, layin da gida yake kai ya shiga lissafi, musamman ga mai son buɗe injin niƙa ko sana'ar ƙanƙara.

Sai awo. Tef yake fitarwa, ba ya yarda da "ai ya kai fuloti". Fuloti a bakin mutane ƙafa 50 ne a faɗi, 100 a tsawo, amma tsofaffin gidajen cikin gari ba su san kusurwa huɗu daidai ba. An yanka wa ɗa, an ƙara wa ƙane, katanga ta karkace ta kauce wa bishiya. Don haka yakan auna kowane gefe, ya kuma ja tef daga kusurwa zuwa kusurwa don ya gane ainihin siffar filin. Abin da ya fi lura da shi fuskar gida, wato gefen da ke kallon hanya, domin a nan ake fitar da shaguna. A Fagge, kusa da Kantin Kwari, yawanci mai saye ƙasa yake nema ya gina shaguna da ɗakunan ajiyar kaya. A irin wannan wuri tsohon gini ba ya ƙara ko sisi, rage kuɗi ma yake yi, tunda sai an biya masu rushewa da masu kwashe ɓaraguzai. Wannan ne wurin da ya fi yi wa magada ɗaci: ɗakin da aka haife su a ciki, a takardar dillali, ɗawainiya ne.

In kuwa ginin zai zauna, to nan gwaninta take fitowa. Gidan ƙasa na da, da tubali ake yin sa, curin laka da aka mulmula da hannu aka shanya a rana, ana jera shi ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Rufinsa azara ce, tsagin itacen giginya, wadda gara ba ta cika iya mata ba. Azara ba ta ɗaukar nauyin rufi a tazara mai faɗi, shi ya sa tsofaffin ɗakuna suke da ƙunci, in kuma an so babban soro sai a yi ɗaurin guga, wato a lanƙwaso bakuna daga bango su haɗu a sama su tallafe rufin. Dillali zai ɗaga kai ya bi azarar ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wadda ta yi ciki. Zai hau sama ya duba indararo, mazurarin da ke fitar da ruwa daga rufi, domin in ya toshe ruwa ya kwanta, damina ɗaya ta isa ta kawo ɗaki ƙasa. Sannan ya bi bango yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa. Mutane da yawa sun yi wa ginin ƙasa filastar siminti, alhali siminti ba ya riƙe laka da kyau. Inda ya rabu da bango, sautin yakan fito fanko, kuma a bayan wannan ɓawon danshi yana cin katanga ba mai gani.

Ginin bulo shi ma da nasa karatun. Makullin babur ya isa: a kankari bulon inda filasta ta ɓare, in ya zubo gari, an yi rowar siminti. Tsaga kuma iri-iri ce. Siririya mai yawo a fatar filasta ba komai ba ce, birkila zai shafe ta da safiya ɗaya. Wadda ta taso daga kusurwar taga ta tafi a karkace, bakinta ya fi buɗewa ta gefe ɗaya, ita ce ke nuna harsashi ya motsa. Ƙofar da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta, maganar ɗaya take yi. Farin gishiri a gindin bango danshi ne mai tasowa daga ƙasa, tabo a silin kwano ne ke yoyo. Zai kuma taka tazarar da ke tsakanin masai da rijiya.

Duk wannan bai ba da farashi ba tukuna. Farashi yana wurin gidajen da aka riga aka sayar a unguwar, kuma kuɗin da aka sallama ake nema, ba wanda mai gida ya yanka da baki ba. A nan ake gane mai aiki da mai zaman benci a gindin bishiya, wanda ke jin an ce gidan wane ya yi miliyan kaza sai ya ɗora biyar a kai ya kira shi farashi. Mai aiki yana da littafi, ko aƙalla ƙwaƙwalwa mai riƙo: wane gida, wane wata, nawa aka taya, nawa aka ce albarka, nawa aka rabu. Watan yana da muhimmanci. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 kayan gini suka yi tashin gwauron zabo, cinikin da aka yi kafin nan ba ya zama ma'auni sai an gyara shi. A ce an sayar da wani gida a layin baya miliyan 30, girmansu ɗaya da wannan. Wancan yana da rijiyar burtsatse, wannan babu, a cire kuɗin haƙa. Wannan yana kusurwa da fuska biyu, a ƙara. Rufinsa sai an sauya, a tambayi kafinta a cire. Haka zai yi da gida uku ko huɗu har lambobin su taru wuri guda. Sai ya gwada ta wata hanya: nawa gidan zai kawo na haya a shekara, kuma shekara nawa hayar za ta mayar da kuɗin? Masu kimanta kadara na boko, waɗanda ƙungiyarsu ta ƙasa ta kafu a 1969 kuma bankuna ke karɓar rahotonsu, hanyoyin nan dai suke bi, sai dai su da takarda da hatimi.

Saura takardu, kuma sukan iya rushe lissafin gaba ɗaya. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne, yawanci na shekara 99 ga gidan kwana. Gidan da ke da takardar shaidar mallaka ta gwamnati banki zai karɓe shi jingina, saboda haka ya fi tsada a kan na awon igiya, wanda shaidarsa takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa. Tsohon gida kuwa galibi na gado ne. An raba a kotu? An fitar wa matar mamaci tumuninta? Akwai magajin da ke Legas ko Saudiyya da ba a ji ta bakinsa ba? A fiƙihun Malikiyya, in ɗaya daga masu tarayya ya sayar wa bare kasonsa kafin a raba, sauran suna da haƙƙin shufu'a, wato su biya kuɗin da aka saya su karɓe kason. Mai saye da bai san wannan ba yana iya biya, ya fara gini, sammaci ya iske shi.

Sai bayan ya zauna da mai unguwa ya ji tarihin gidan zai koma wa masu shi, kuma ba lamba ɗaya yake kai musu ba. Yakan ce: "Alhaji, in za ku jira mai so, ga abin da zai yi. In kuwa kuna son a raba kuɗi kafin azumi, ga abin da za a samu a hannu." Sannan ya faɗi la'adarsa a gaban kowa, a rubuta, kafin a kawo mai taya na farko.