Jinjina Ga Malaman Nahawu

Tun 1948 ake koyar da Girkanci da Latin a Jami'ar Ibadan. A Arewa kuwa, Larabcin littafi ne tsohon harshen ilimi, kuma malaman nahawu ne suka riƙe shi.

Leƙa zaure a Tudun Wadar Gusau bayan Asuba. Malam na kan buzu, almajiri ya buɗe littafin nahawu na Ajurrumiyya, ana warware jimla kalma-kalma, a nuna fa'ili, a nuna maf'uli. Da wannan tushe wasu ke shiga sashen Larabci na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, har su iya karanta Hisnur Rasin na Malam Abdullahi Gwandu kan sarfu.

Malamai, Allah ya saka muku da alheri. Iyaye, ku kai yaranku gabansu.