Lawrence na Arabiya: Abin da Fim Ya Bari a Cikin Littafi

A shekara ta 1962 wani Bature ɗan Ingila mai suna David Lean ya fito da fim ɗin da ake kira Lawrence of Arabia. Tsawonsa ya kusa awa huɗu, ya kuwa ci kyautar Oscar har guda 7. Labarin T. E. Lawrence ne, hafsan sojan Ingila wanda ya zauna tare da Larabawa sa'ad da suka yi wa Turkawa tawaye a lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Wanda ya kalli fim ɗin ba zai manta da hamada da ayarin raƙuma ba, ko Peter O'Toole cikin farar alkyabba. Amma da wuya ya tashi da sanin cewa mutumin nan marubuci ne, kuma daga littafinsa aka ɗebo yawancin labarin.

An haifi Lawrence a 1888, ya yi girma a Oxford a gidan da ake karanta Littafi Mai Tsarki kullum. Wansa ya zama likitan mishan a ƙasar Sin, mahaifiyarsu ma ta bi shi can. Kafin yaƙi, aikinsa tonon kufai ne a Karkemish, birnin nan na bakin Kogin Yufiretis da annabi Irmiya ya ambata, a can ne harshensa ya faɗa da Larabci. Sunan littafinsa, Seven Pillars of Wisdom, wato ginshiƙai bakwai na hikima, daga Karin Magana sura 9 aya 1 ya samo shi. Rubutun farko ya ɓace masa a tashar jirgin ƙasa ta Reading a 1919, sai da ya sāke zama ya rubuta daga fari. A 1926 aka buga wa mutane kaɗan, sauran jama'a ba su samu ba sai bayan rasuwarsa a hatsarin babur a 1935.

Abin da ya sa makarantun soja suke karanta littafin shi ne dabarar yaƙin da ke ciki. A watan Maris na 1917 Lawrence yana kwance cikin tanti da zazzaɓi, ya yi ta tunani a kan Madina. Turkawa suna da runduna babba a can a ƙarƙashin Fakhri Pasha, manyan sojan Ingila da Faransa kuwa suna so a kama birnin. Lawrence ya ga babu riba a ciki. Rundunar da ke zaune a Madina ta riga ta zama fursunar kanta, abincinta da harsashinta duk suna zuwa ne ta layin dogo guda ɗaya daga Dimashƙu, wanda aka shimfiɗa domin mahajjata. To, a bar ta a can. A riƙa fasa dogon nan da can, a karya gada, a kifar da jirgi, amma kada a kashe hanyar ɗungum, domin Turkawa su ci gaba da zuba sojoji da ƙarfe wajen gadi da gyara. Ya lura kuma makiyayan hamada ba za su jure asarar rayuka kamar sojan gwamnati ba, gama kowane mamaci ɗan wani gida ne da aka sani. Saboda haka a guje wa gaba da gaba, a kai hari inda maƙiyi ba ya nan. Haka kuwa aka yi. Fakhri Pasha bai fita daga Madina ba sai a Janairu 1919, bayan yaƙi ya ƙare.

Kaɗan ne daga wannan tunani ya shiga fim ɗin. Ana ganin jirgi yana kifewa, Lawrence yana takawa a kan tarago jama'a suna masa kirari, amma a taƙaice kawai aka faɗa wa mai kallo dalilin fasa dogon. Sai ya ɗauka ganima ce kawai da son suna. Kama Akaba ma haka ne. Fim ya nuna mahaya suna sukuwa har cikin gari zuwa bakin teku. A gaskiya faɗan ya auku ne a Abu al-Lissan, can cikin tudu nesa da garin, inda Lawrence da kansa ya harbi raƙumarsa a ka bisa kuskure, ya faɗi ƙasa. Shi ya rubuta wannan da hannunsa, bai ɓoye ba. Sun shiga Akaba ran 6 ga Yuli 1917 ba tare da wani babban faɗa ba. (Mai karanta Littafi Mai Tsarki zai so ya sani, a wannan gaɓar ce Sarki Sulemanu ya gina jiragen ruwansa a Eziyon-geber.) Irin wannan gyare-gyare ba babban laifi ba ne, kowane mai ba da labari yakan yi. Ba laifi ba ne kuma da aka ɗauki dogon mutum ya fito a matsayin gajere.

Laifin yana wajen alkawari. Ingila ta ba Sharif Husaini na Makka fatar samun mulkin Larabawa in ya tayar wa Turkawa. A 1916 kuwa Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniyar asiri ta Sykes da Picot, suka raba ƙasashen nan tsakaninsu tun ba su kama su ba. Mutumin Maraɗi da ke da dangi a Katsina ya san irin aikin da alƙalamin waɗannan ƙasashe biyu yake yi a kan taswira. A littafinsa Lawrence ya faɗa a fili cewa ya gane tun da wuri alkawarin ba zai cika ba in Ingila ta ci nasara, duk da haka ya ci gaba da tabbatar wa mutane cewa Ingila ba ta karya magana, yana kuwa jin kunya mai ɗaci. Dabararsa duka a kan wannan ta tsaya. Rundunar da ba ta da bariki, wadda kowa yana iya komawa gida ran da ya ga dama, zinariya kaɗai ba ta isa ta riƙe ta ba, sai da amincewa. Lawrence ya ci amanar nan domin a ci yaƙi da sauƙi, ya kuwa san abin da yake yi.

Fim ɗin ya taɓa maganar, amma a makare, a bakin wani ma'aikacin gwamnati da aka ƙirƙiro, wanda ya nuna Lawrence ya yi zato ne kawai ya kau da kai. Daga nan sai aka mai da damuwarsa ta koma ciwon zuciya na mutum ɗaya, wato son jini da ruɗewa game da ko shi wane ne. Kisan da aka yi wa sojojin Turkawa masu gudu kusa da Tafas a Satumba 1918 gaskiya ne, Lawrence ya rubuta cewa shi ya ba da umarni kada a kama kowa da rai. Amma fim ya sa mai kallo ya ji tausayin mai kisan fiye da waɗanda aka kashe. A littafin, mutum ne yake tuhumar kansa da zunubin da ya san sunansa. A fim, jarumi ne da hamada ta juya wa hankali. Kirista ya san bambancin da ke tsakanin mai furta laifi da mai neman uzuri.

Ƙarshen fim ɗin shi ya fi muni. An nuna shugabannin Larabawa a Dimashƙu suna ta gardama, sun kasa gyara wuta da ruwa da asibiti, bayan 'yan kwanaki suka watse suka bar wa Turawa gari. Mai kallo zai ce, ashe ba su isa mulki ba. Gardama dai an yi, amma gwamnatin Faisal ɗan Husaini ta zauna a Dimashƙu daga Oktoba 1918 har Yuli 1920. Sojojin Faransa ne suka rushe ta da igwa a Maisalun. Fim ɗin bai kai nan ba, bai kuma nuna Lawrence yana ƙin karɓar lambar girma daga hannun Sarki George na Biyar ba, ko zuwansa taron sulhu na Faris a 1919 yana yi wa Faisal tafinta, ko taron Alƙahira na 1921 wanda ya kai ga naɗa Faisal sarki a Iraƙi, ɗan'uwansa Abdullahi kuma ya sami hayin Urdun. Ƙanen Lawrence, wanda ya sayar da izinin littafin, ya ƙi yarda a sa wa fim ɗin sunan littafin, ya ce bai gane ɗan'uwansa a ciki ba.

Maganar ba ta mutu tare da su ba. A 2014 mayaƙan ISIS suka rushe shingen iyaka tsakanin Iraƙi da Suriya suna shelar sun kawo ƙarshen Sykes da Picot, a watan Yuli na shekarar kuma Kiristocin Mosul suka bar gidajensu da majami'unsu. Ba Lawrence ne ya kore su ba, dalilan suna da yawa. Amma sunan yarjejeniyar nan shi ne aka ɗaga a matsayin hujja bayan shekara 98.

Lawrence da kansa ya guje wa sunan da ya yi. A 1922 ya shiga sojan sama a matsayin ƙaramin soja da sunan Ross, da 'yan jarida suka gano shi ya koma Shaw. A cikin waɗannan shekaru na bariki ya gama gyaran littafin, ya kuma ƙi cin ribar kuɗinsa.