Ɗakin Gumaka A Cikin Wayar Uwargida

Yau wata magana ce nake tafe da ita wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Da ranin bara ne, lokacin da tumatir ya yi kuɗi a nan Danja, motoci suna ta lodin kwanduna zuwa Kudu, muka je wani biki. Muna zaune a ɗakin amarya ana ta shewa, sai na riƙa jin wani sauti kacau-kacau, kamar an zazzage kwabbai a farantin tasa. Ko da na waiga sai na ga wata ƙawata ce ta duƙufa a kan wayarta, abincin da aka zuba mata har ya huce. Na ce, "Ke kuwa lafiya?" Ta ce, "Ke dai zo ki gani, wani ɗan wasa ne na rage zaman shiru."

Na leƙa. Wallahi ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi kyau. Ga wani ƙungurmin daji kore shar, itatuwa sun sarƙe da juna, ruwa yana kwarara daga kan dutse, ga aku ga damisa. Can a tsakiya kuma ga wani tsohon gini na duwatsu, mai matakala hawa-hawa, ƙofarsa tana walƙiyar zinare. A gaban ginin an jera fuskoki na sassaƙa, masu zazzare ido da wangame baki. In ta danna sai fuskokin su hautsine su sake jeri. In uku iri ɗaya suka haɗu a layi, wai ta ci. Duk dannawa ɗaya kuwa naira 100 ce take fita daga asusunta.

To 'yar'uwa, wannan ita ce cacar inji, wadda aka fara ƙerawa a birnin San Faransisko na Amurka a shekarun 1890. Da can akwatin ƙarfe ne mai hannu a gefe, a jefa kwabo a ja. Yau an ɗauke akwatin an cusa shi cikin waya, an yi masa kwalliya da daji da zinare. Mu ɗauki kwalliyar nan ɗaya bayan ɗaya mu duba, kamar yadda muke buɗe atamfa a gaban mai kanti kafin mu biya.

Mu fara da labarin. Kowane irin wasan nan labari guda yake ba ki, wato akwai dukiyar mutanen da a ɓoye cikin daji, ba ta da mai ita, ke ce jarumar da za ta tono ta. Wanda ya fi suna cikinsu shi ne Gonzo's Quest na kamfanin NetEnt da ke ƙasar Suwidin. A cikinsa akwai wani ɗan guntun Bature mai gemu da hular ƙarfe, yana tsaye a gefe, in an ci sai ya taka rawa. An samo shi ne daga wani mutum na gaske, Gonzalo Pizarro, mutumin Sifen. A shekarar 1541 ya tashi daga garin Kito da ke Kudancin Amurka da Turawa sama da 200 da 'yan ƙasa wajen 4,000, suna neman ƙasar kirfa da zinare. Kin san yadda ta ƙare? Yunwa ta ci su a daji har suka cinye dawakansu da karnukansu, suka koma dafa fatar sirdi. A 1542 ya komo da mutum wajen 80, tsumma a jiki, ko ƙwayar zinaren da ya fita nema bai samo ba. A 1548 kuma aka fille masa kai saboda tawaye. Wannan ƙarshen labarin masu wasan ba su zana shi ba, sun tsaya a wurin rawar. Ni kuwa a ganina nan ne kaɗai labarin ya yi kama da abin da ke samun mai wasan.

Sai ginin nan mai matakala. Ba gidan sarki ba ne fa, ɗakin bauta ne, an kwaikwayo shi daga gine-ginen mutanen Aztek da Maya na ƙasar Meziko da maƙwabtanta, fuskokin nan kuma siffar abin bautarsu ce. Duk wadda ta yi Islamiyya ta san aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta ambaci caca da gumaka a jere guda, tare da giya. Abin mamaki, sai ga biyu daga ciki an haɗa mana a allo ɗaya, muna riƙe da su a hannun da muke jan carbi.

Sai sautin. A nan ne gwanintarsu ta fi fitowa, a nan ne kuma muguntar take. Na zuba ido na ga ƙawata ta sa naira 200, wayar ta ɗauki kiɗa, wuta ta haska, kwabbai suka yi ta zuba, aka rubuta mata ta ci naira 80. Ta yi murmushi. Na ce, "Ke, 200 kika ba su suka maido miki 80, ai 120 kika yi asara." Ta yi shiru tana kallona. Ba ita kaɗai ba ce, domin masu bincike a Jami'ar Waterloo ta ƙasar Kanada sun gwada wannan a 2010, suka tarar jikin mai wasa yana zabura da irin wannan asarar mai kiɗa kamar yadda yake zabura da cin gaske. In kuwa kika faɗi gaba ɗaya, tsit za ki ji, ba kiɗa ba haske. Ke nan asara tana wucewa da sanɗa, ci kuma ana buga masa tambari, to wanne zuciya za ta riƙe?

Akwai kuma "saura ƙiris". Fuskar zinare biyu su tsaya, ta uku ta zo ta gota da ɗan kaɗan, sai ki ce kai, na kusa, bari in ƙara. Babu wani kusa, 'yar'uwa. Kwamfuta ce take zaɓar lamba a duk dannawa, kuma ba ta tuna abin da ya wuce. Wadda ta faɗi sau 50 a jere da wadda ta shigo yanzu, matsayinsu ɗaya. Hoton gocewar nan kallon kitse ne ake yi wa rogo.

Yanzu mu zo ga lissafi, tun da mu mata ba a cutarmu a awon mudu. Masu irin wasan nan da kansu sukan rubuta cewa yana maida wajen kashi 96 cikin 100 na abin da aka zuba. In kin ji haka sai ki ce ai da sauƙi. To amma ma'anarsa, a kowace naira 100 naira 4 tasu ce, kuma ba sau ɗaya ake cira ba, a kowace dannawa ne. In kina dannawa duk bayan daƙiƙa 6, a awa ɗaya kin danna sau 600, kin juya naira 60,000, rabonsu a ciki naira 2,400. In kullum awa ɗaya ce, a wata ya kama naira 72,000. Wannan ma matsakaicin lissafi ne da aka haɗa har da 'yan tsirarun da suka ci babba, galibin masu wasa abin da suke rasawa ya fi haka. Kauɗar tumatir nawa za ki shanya, awara nawa za ki soya, kafin ki ga wannan a matsayin riba? Banza ba ta kai zomo kasuwa, wanda ya kashe kuɗi ya zana miki dajin nan ba don Allah ya yi ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙofar da aka cire. A da caca tana da wurinta, gindin bishiya ko bayan tasha, inda 'yan karta suke taruwa, kuma mace mai mutunci ko hanyar ba ta bi. Kunya ita ce katangarmu. A watan Oktoba na 2024 Hukumar Hisbah ta Kano ta rufe shagunan caca, to amma shagon da ke ƙarƙashin filo wa zai rufe shi? Ba maƙwabci da zai gan ki, ba uwar miji da za ta tambaya. Kuma da yake ba kya ƙirga takardar kuɗi da hannunki, lamba ce kawai take raguwa a allo, ba ki jin zafin fitarsu sai sun ƙare.

Ban ce kaɗaici ƙarya ba ne. Na san zaman gida, maigida ya fita lambu ko ya tafi Funtuwa tun asuba, yara suna makaranta, an gama shara da wanke-wanke, gida ya yi shiru. Wannan shirun shi suke saye. Kuma ban ce ƙawata sakarya ba ce, mace ce mai riƙon amana, shi ya sa ma aka ba ta riƙon adashinmu, mu 12. Da wasan kyauta ta fara, na gwaji, wanda ba a sa kuɗi. Daga nan ta sa ribar ƙuli-ƙulinta. Da ta ƙare sai ta taɓa zubi, da niyyar ta maida kafin ranar kwasa. Ranar kwasa ta zo, mai ɗauka kuwa kayan ɗakin 'yarta take jira ta saya. Sai da ƙawata ta sayar da 'yan kunnenta na zinare da akuya biyu kafin ta cike, maganar kuma ta kai kunnen maigidan, har ta yi mako uku a gidansu kafin manya su sa baki. Ranar da na je duba ta, abin da ta ce mini shi ne, "Wallahi ban taɓa jin kamar caca nake yi ba." Na yarda da ita, domin don kada ta ji ɗin aka zana dajin.

Saboda haka shawarata gare ku ita ce, duk wasan da ya nemi ki zuba kuɗi don ki ci kuɗi, caca ne, ko da hoton fure aka yi masa. In har kin fara, kada ki ce sai kin maido abin da ya tafi, wannan shi ne bakin rijiyar, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala. Ki goge shi yau, ki sami wata babbarki da kika yarda da ita ki gaya mata gaskiyar adadin. 'Yan adashi kuma a riƙa ƙirga zubi a gaban mutum biyu, wannan ba rashin yarda ba ne, taimakon uwar adashi ne. Iyaye mata, in kin ji kacau-kacau yana tashi daga wayar 'yarki ko ɗanki, ki leƙa.

Zinaren da ke ƙofar ɗakin gumakan nan zane ne, amma 'yan kunnen ƙawata na gaske ne, kuma har yau ba ta mayar da su ba. Allah ya tsare mana mutuncinmu da ɗan abin hannunmu, ya ba mu wadatar zuci, amin. Wassalam.