Taƙi Guda na Ƙasa a Kan Siminti

Gidaje da yawa da aka gina a Gusau daga 1996 zuwa yau, wato tun da aka yanke Zamfara daga Sakkwato garin ya zama hedikwata, ba su bar wa ƙasa wurin shan iska ba. Da an gama katanga sai mai gida ya sa a malale tsakar gida da siminti, gudun taɓon damina da ƙurar rani, kuma ba a ga laifinsa ba. Ɗan haya kuwa ba shi da hurumin ɗaukar diga ya fasa daɓen mutane don ya shuka alayyafo. Duk da haka, a cikin irin waɗannan gidajen, a Tudun Wada ko Samaru ko Damba, za ka tarar da ganye shar a gindin katanga: alayyafo a cikin jeren bulo, attaruhu a buhun shinkafa, na'a-na'a a tsohon baho. Ana raina wannan aiki, ana masa kallon abin rage lokaci na mata da tsofaffi. A ganina yana cikin noma mafi wuya da ake yi a jihar da take alfahari da noma.

Da can mai son ganye ba ya bukatar wannan wahala. Fadamun bakin Gulbin Sakkwato, daga Gusau har Bunguɗu, su ne lambun kowa, kayan miya kuma na shigowa kasuwa daga ƙauyuka. Rashin tsaro ya sauya lissafin. Gonar da ke nesa da gari ta zama abin shakka, mutane da yawa daga karkarar Tsafe da Bunguɗu sun dawo cikin gari suna raɓe a gidajen 'yan uwa, kayan miya ya yi tsada. Hannun da ya saba da fartanya kuwa ba ya iya zama haka nan.

Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya ga duwatsun Tsafe da na Kwatarkwashi, ya kuma ga itatuwan da suka kafu a jikinsu, har mutum ya yi mamakin abin da suke ci. Dutse yana da tsaga. Saiwa na bin tsagar ta yi nisa, ta kai inda ruwan damina ya kwanta. Siminti ba shi da wannan rangwamen. Bulo ɗaya tsayinsa inci tara ne, wajen santimita 23, kusan taƙi guda, kuma idan jere ɗaya aka yi, iyakar duniyar shukar ke nan. A gona, in saman ƙasa ya bushe saiwa ta nutsa neman laima, in ruwa ya yi yawa ya sirare ƙasa, in taki ya yi ƙarfi ya narke ya bazu. Ƙasa mai zurfi tana rufa wa manomi asiri a kan kurakurai da yawa ba tare da ya sani ba. A kan siminti mai lambun ne zai yi duk aikin da zurfin ƙasa ke yi, da hannunsa, safe da yamma.

A ɗauki lissafin ruwa. Kwami mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, zurfinsa santimita 25, yana cin ƙasa lita 250. In ƙasar mai kyau ce, ruwan da za ta riƙe wanda shuka ke iya zuƙa bai wuce lita 30 zuwa 35 ba, jarka guda da 'yan kai, kuma da rabinsa ya tafi shukar ta fara jin jiki. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40 a inuwa, wannan kwamin na iya shanye lita 6 zuwa 8 a yini. Ajiyar kwana biyu ke nan. In yashi ya yi wa ƙasar yawa, ko kwana guda ba za ta kai ba. Shi ya sa mai irin wannan lambu ba ya tafiya biki ya kwana biyu sai ya bar wa wani amana, kuma ba kowa yake bar wa ba.

Saboda haka gwani yakan fara da yin ƙasa. Yin ta ake yi, ba a samunta a shirye. Lakar fadama ita kaɗai, in ta jiƙe ta shaƙe saiwa, in ta bushe ta dare ta zama kamar hoge. Jigawa ita kaɗai ruwa wucewa yake yi. Kowa da ma'auninsa, amma wanda aka fi bi shi ne kashi biyu na ƙasar gona mai laushi, kashi ɗaya na taki, kashi ɗaya na abin da zai buɗe ƙasar ta yi sako-sako: ɓuntun shinkafa, ko ɓawon gyaɗa da aka ɗan daka. Masu ƙwarewa suna babbaka ɓuntun har ya yi baƙi, su kashe wutar kafin ya zama toka, ko su roƙi garin da ke taruwa a gindin buhunan mai gawayi. Gawayi yana riƙe ruwa da sinadarin taki, kuma ba ya ruɓewa ya ɓace kamar ciyawa. Toka kuwa kaɗan ake sawa, domin siminti da bulo suna sakin farar ƙasa a hankali, in aka ƙara toka mai yawa sai ganye ya fara yin rawaya alhali ga taki.

Takin shi ne inda sabon shiga ke ƙonewa. Kashin kaji ɗanye yana babbake saiwa cikin kwanaki kaɗan. Tara shi ake yi da na awaki da tumaki, a yayyafa ruwa, a rufe, ana juyawa, sai zafinsa ya fita warinsa ya koma na jiƙaƙƙiyar ƙasa, abin da kan ɗauki wajen wata biyu. Takin zamani ma da 'yan yatsu ake ɗibarsa, nesa da gindi, don ba shi da inda zai gudu. Akwai kuma tambayar da bai kamata ɗan Zamfara ya manta da ita ba: daga ina aka kwaso ƙasar? A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, daga ƙurar duwatsun zinariya da aka niƙa a cikin gidaje. Ƙasar wurin da aka taɓa sarrafa ma'adinai, ko ta bolar da ake zubar da batir da baƙin mai, ba ta shiga lambun da yara za su ci, komai baƙinta da kyanta a ido.

Na zauna na kalli wata dattijuwa a Tsafe tana duba kwaminta da hantsi. Ba ta fara da buta ba. Ta ɗaga ciyawar da ta rufe ƙasar, ta cusa manuniya har gaɓa ta biyu, ta zaro ta duba. Sannan ta ɗebi ƙasa ta dunƙule a tafin hannu. Ta haɗu ta yi curi, ruwa bai tsattsafo ba, da ta taɓa ta da babban yatsa sai ta ruguje, sai ta bar wannan kwamin ba ta zuba masa komai ba. A na gaba curin bai haɗu ba, shi ta shayar, da gwangwanin madara da aka huda gindinsa da ƙusa, tana zagaya gefe inda ƙasa ta haɗu da bulo, don nan ne ke fara bushewa. Jikarta ta nuna mata tattasan da ya langwaɓe ta ce, "Kaka, wannan ƙishi yake ji." Tsohuwar ta tura ta ta taɓa ƙasar gindinsa, yarinyar ta ji ta a jiƙe. Langwaɓewar rana daban, ta ƙishi daban, ta ruɓewar saiwa daban, kuma a ido duk kama ɗaya suke. Wanda bai iya rarrabe su ba yakan kashe shukarsa da ruwa yana ganin taimakonta yake yi.

Ruwan da ya shiga dole ya sami ƙofar fita. Gwani kan tsaya ya ga inda ruwa ke gangarawa in ana wanke tsakar gida, ya jera bulonsa ba tare da ya liƙe su da siminti ba, ya bar tazarar yatsa tsakaninsu ta ɓangaren rariya, ya shimfiɗa tsohon buhu daga ciki don kada ƙasa ta bi ruwan. Buhuna da bahuna kuma a huda su, a ɗora su kan duwatsu ko katako yadda iska za ta ratsa ƙarƙashi. Amfanin wannan yana fitowa a Agusta, lokacin da ruwa ke kwana yana zuba: kwamin da ba shi da mafita yakan zama kududdufi, saiwa ta shaƙe. Ana kuma barin tazara tsakanin kwami da bangon ɗaki, kada damshi ya ci ginin.

Sai zafi. Kowa ya san yadda daɓe ke yi da azahar a watan Afrilu, ba mai taka shi ba takalmi. Wannan zafin yana shiga ƙasar ta gindi da ta gefe, yana kuma daɗewa bai fita ba bayan magariba, ga saiwa ba ta da wurin ɓuya. Don haka wurin da aka zaɓa rabin aikin ne. Gindin katangar yamma ya fi, inda rana ke samun ganye da safe, inuwar katanga ta rufe shi daga azahar. Farin buhu ya fi baƙar leda, ya fi tsohuwar taya. Ana rufe saman ƙasa da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa ko ganyen dogon yaro, kauri ya kai yatsu uku, a shimfiɗa tsohuwar tabarma a kan simintin da ke kewaye, a kafa 'yar rumfar zana mai sharara wadda ke tace rana ba ta toshe ta ba. Tsohon gidan sauro kuwa aiki biyu yake yi, ga inuwa, ga tsare ganye daga ƙadangaru da kaji, waɗanda ke iya share kwamin latas kafin a idar da sallah.

A garin da ake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, ba a shayar da lambu da ganganci. Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa, ruwan da aka ɗauraye ganye, duk ana tara su a bokiti. Ruwan omo ba ya shiga. Wasu kan binne ƙaramin tulu har wuya a tsakiyar kwami su rufe bakinsa, jikinsa na tsattsafar da ruwa daidai yadda ƙasa ta bushe, saiwoyi su zo su nannaɗe shi. Duk wanda ke shayarwa kaɗan-kaɗan da ruwan rijiya ko burtsatse zai wayi gari ya ga wani fari-fari a saman ƙasa da jikin bulo. Gishiri ne da ruwa ya bari bayan ya ƙafe. Maganinsa a kankare saman, sannan lokaci-lokaci a yi wa kwamin ruwa mai yawa har ya fito ta tazarar bulo ya tafi da shi.

Ba kowace shuka ke yarda da taƙi guda ba. Alayyafo, latas, lalo, albasa mai lawashi da na'a-na'a sun yarda, alayyafo ma cikin sati uku zuwa huɗu an fara tsinka. Tumatir, tattasai, attaruhu da kuɓewa suna son jere biyu na bulo ko cikakken buhu. Zogale yana da doguwar saiwa, sai dai a shuka shi a cunkushe ana yanke shi tun yana ƙarami. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin ɗari, kusan komai na yi. Da bazara ta kama sai tumatir ya riƙa zubar da fure, mai hankali ya koma ga rama da yakuwa da alayyafo, masu jure rana.

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, da taki da mai suka yanke wa Kuba, mutanen birnin Habana sun gina dogayen kwamai a filayen da ba su da ƙasar kirki suka cika su da taki. A Dakar, tun 1999, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa wa lambunan kan tebur, waɗanda ake cikawa da ɓawon gyaɗa da ɓuntun shinkafa, abubuwan da muke zubarwa a bola a Gusau. A unguwar Kibera ta Nairobi noman buhu ya yaɗu bayan rikicin zaɓen da ya ɓarke a ƙarshen 2007. A nan gida kuma, masu sha'awar kai lambu saman bene su tuna nauyi: jiƙaƙƙiyar ƙasa mai zurfin santimita 25 tana iya kai kilo 400 a kowane murabba'in mita, sai an tambayi wanda ya san ginin.

Siminti ma yana da nasa alherin. Jiji da aya-aya ba sa ɓullowa daga ƙarƙashi, kuma ɗan haya in zai tashi yana iya loda buhunansa a kura ya tafi da lambunsa. Bayan girbi biyu ko uku ƙasar takan gaji, ta sauka ƙasa da bakin bulo, wani lokaci a tumɓuke tumatir a ga saiwarsa ta yi ƙulu-ƙulu, alamar tsutsar da ido ba ya gani. A nan zafin daɓen da ake ta gudu yake yin amfani. Juye ƙasar ake yi a baza ta siriri a tsakar gida cikin ranar Afrilu, ana motsa ta da shebur na wasu kwanaki har ta gasu, a tsince tsofaffin saiwoyi, a ƙara ruɓaɓɓen taki da sabon ɓuntu, a jiƙa ta a bar ta ta huce, sannan a mayar cikin kwami a shuka wani abu daban da wanda aka cire.