Nutso sai da nutsuwa

Duk wanda ya tashi a bakin gulbi a ƙasar Hausa nutso iri ɗaya ya sani. Ka cika ƙirji da iska, ka toshe hanci, ka yi ƙasa, sai ƙirjin ya fara zafi ka ɓullo kana haki. Haka yara ke yi a kududdufi da damina, haka kuma 'ya'yan Sarkawa ke yi a Argungu ranar wasannin kabanci, inda gwani shi ne wanda ya fi kowa daɗewa bai ɗago kai ba. Da wannan sanin na isa bakin Bahar Maliya, a Bur Sudan, 'yan shekaru kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023. Abin da aka fara koya mini shi ne in ajiye shi a gaɓa tare da takalmina.

Tekun nan ba baƙonmu ba ne. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, suna tafe suna yada zango suna noma a hanya, a Sawakin suke tsayawa su jira jirgin da zai tsallakar da su Jidda. Sun kwana a gindin gidajen da aka gina da dutsen murjani, sun bi ta kan ruwan, amma abin da ke ƙarƙashinsa sai dai labari. Waɗanda guzuri ya ƙare musu suka zauna suka hayayyafa, kuma jikan ɗaya daga cikinsu ne ya zame mini malami. Siririn mutum ne mara yawan magana, Hausarsa ta sha Larabci, ya daɗe yana yi wa baƙi jagora a ƙasan ruwa.

"Ɗan'uwa," ya ce da ni ranar farko, "doka ɗaya ce ba a karya ta. Kada ka riƙe numfashi, musamman in kana hawowa." Bai tsaya dogon bayani ba. Ya ɗauki gorar roba wadda ba komai a cikinta, ya murɗe murfin, muka sauka da ita. A mita 10 ta lotse kamar an taka ta. Nan ya buɗe ta, ya cika ta da iska daga tukunyarsa, ya sake rufewa. Da muka fito, gorar ta yi tauri kamar dutse, yana taɓa murfin ta yi tsaki da ƙarfi. Ya miƙo mini ita ya ce, "Huhunka ke nan."

Ruwa nauyi gare shi. Duk mita 10 da ka sauka, an ƙara ɗora maka kwatankwacin nauyin dukan iskar da ke bisa kanmu a doron ƙasa. Mai nutson gargajiya da iskar sama yake sauka, ta matse a ƙasa, ta koma yadda take in ya hau, ba abin da zai same shi. Mai tukunya a baya kuwa a can ƙasa yake shaƙa, matsattsiyar iska. In ya cika huhu a mita 10, ya rufe maƙogwaro ya taso, kafin ya iso sama iskar ta ninka biyu, huhu kuwa ba salka ba ne da zai yi ta buɗewa.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai tukunya, wadda mutane ke zaton oksijin zalla ne a ciki, alhali iskar nan ce da muke shaƙa aka danna da inji. Akwai tiyo mai baki da ke ba ka iska daidai da matsin zurfin da kake, dabarar da Faransawa biyu, Jak Kusto da injiniya Emil Ganyan, suka kammala a 1943. Sai tabarau mai rufe ido da hanci, wanda ake ɗan tofa wa yawu a goge don kada ya yi hazo, da takalmi mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, da ɗamarar dalma, da riga mai ɗaukar iska. Kunne ma yana da nasa haƙƙin: kana sauka kana danne hanci kana ɗan hura a hankali, tun kafin ya fara ciwo. Duk wannan a kwana uku zuwa huɗu ake koyonsa, a ba ka takardar sauka zuwa mita 18.

Abin da ba a koyo a kwana huɗu, a Sanganeb na gan shi. Tsibirin murjani ne mai siffar zobe, kimanin kilomita 25 daga gaɓa, da doguwar hasumiya mai fitila a kansa. Gefensa katanga ce da ta miƙe ƙasa sambal har inda ido ya gaza, ruwan shuɗi ya koma baƙi. A gaban wannan katanga Malam ya tsaya. Ba ya harba ƙafa, hannuwansa a harɗe a ƙirji, ba igiyar da ya riƙe, ƙarƙashinsa ɗaruruwan mita na ruwa, amma yana nan cak kamar an rataye shi da zare. Da ya so duba wani rami da ke sama da kansa kaɗan, sai ya ja numfashi mai ɗan tsawo, ya jira, jikinsa ya tashi a hankali har idonsa ya zo daidai bakin ramin. Da ya gama, ya fitar da iskar, ya dawo inda yake.

Lissafin mai sauƙi ne a baki. Lita ɗaya ta iska tana ɗaga kusan kilo ɗaya a ruwa, ƙirjin mutum kuwa yana ɗaukar lita da dama. Dalma tana jan ka ƙasa, rigar iska tana ɗaga ka, in ka daidaita su biyun sai ragowar aikin ya koma hannun huhu. Wahalar ita ce jiki ba ya amsawa nan take, sai bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu. Sabon shiga ba ya iya jiran nan. Ya ga yana nitsewa ya danna wa riga iska, ya ga ya yi sama ya sace ta, haka zai wuni yana hawa da sauka kamar guga a rijiya. Bahar Maliya kuma tana ƙara wa abin wuya, don gishirinta ya kai kusan giram 40 a kowace lita, inda galibin tekuna ke da 35. Babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinta, rana kuma tana ƙone ruwan ba fashi. Shi ya sa take garau kamar gilashi, shi ya sa kuma take ɗaga mutum, sai an ƙara dalma fiye da yadda aka saba a wani tekun. Malam kallo ɗaya yake wa baƙo, ya dubi ƙirarsa da kaurin rigar robarsa, ya miƙa masa dalmar da ta dace. Ban ga ya kuskure da fiye da guda ɗaya ba.

Wannan tsayuwa ba ado ba ce. Murjanin da matanmu suka sani a wuya, a nan rai gare shi. Ƙananan dabbobi ne birjik, kowace ta gina wa kanta ɗaki na farar ƙasa, 'ya'ya su ɗora a kan na iyaye. Irin mai dunƙulewa kamar tulu bai cika ƙaruwa da fiye da santimita ɗaya a shekara ba. Harbin ƙafa ɗaya na wanda bai iya tsayuwa ba yana karya abin da ya girme shi. Ina ganin a nan ne ake gane mai nutson da ya isa a kira shi gwani: ya shiga ya fita, wurin bai san an zo ba. Sanganeb, tare da mashigin Dungunab da ke arewa, inda ɗan'uwan ayu na teku ke kiwo a ciyawar ƙasan ruwa, sun shiga jerin wuraren gadon duniya na UNESCO a 2016, kuma kyansu ya dogara ƙwarai da ƙarancin ƙafafun da suka taɓa su.

Nutsuwar nan ita ce kuma tattalin iska. Tukunya mai lita 12 da aka cika har allurar ma'aunin iska ta nuna 200 tana ɗauke da lita 2,400. A mita 30 kowane numfashi yana cin ninki huɗu na abin da yake ci a sama. Wanda gabansa ke faɗuwa, yana fafutuka da hannu, kafin rabin sa'a allurarsa ta kusa 50, inda doka ta ce a kama hanyar fita. Malam yakan fito bayan sa'a guda da kusan rabin tukunya. Kumfarsa ma daban take, doguwa, a jere, da tazara iri ɗaya. Da kumfa yake karanta mutanensa. In ya waiga ya ga ta wani tana fita a gaggauce, sai ya matso ya kama idonsa, ya ɗaga tafin hannu yana saukewa a hankali har numfashin mutumin ya bi hannun. A ƙasan ruwa ba a magana. Babban yatsa da manuni a haɗe kamar zobe, lafiya lau ke nan. Babban yatsa a tsaye kuwa ba yabo ba ne, cewa ake a hau.

Sai ido. Ni launi kawai nake gani da farko, shi kuwa gari yake gani da unguwanninsa. Wata rana ya ja ni gindin wani dutsen murjani ya yi mini alamar in tsaya. Can sai ga wani jibgegen najil, kifin da ake ji da shi a kasuwar Bur Sudan, ya zo ya tsaya ya wangale baki da marfin kunnuwansa. Wani ɗan kifi da bai fi yatsa ba, shuɗi mai baƙin layi daga hanci zuwa wutsiya, ya shige bakin nan, ya bi haƙora yana tsince ƙwari da matacciyar fata, ya ɓullo ta kunne. Najil bai motsa ba har aka gama, wasu biyu kuma suna gefe suna jiran layi. Malam wanzami yake kiran ɗan kifin. Da mun zo da garaje, da an watse kafin mu iso. Shi ne kuma ya nuna mini wani dutse mai gansakuka, na duba na sake dubawa, sai dutsen ya juya ido. Kifi ne, mai ƙayoyin dafi a gadon baya da ke iya kai mutum kushewa. Ya kunna tocila a kan wani reshe da na ɗauka toka-toka ne, sai ga shi ja wur, don ruwa jan launi yake fara shanyewa tun daga 'yan mitocin farko. Ƙarar ƙurus-ƙurus da ke cika kunne kuwa ta kifi mai bakin aku ce, yana gatsar murjani yana kasayar da farin yashi.

A Sha'ab Rumi, wani dutsen murjanin, aikin ya fi tsauri. Kudancinsa wani dandali ne da ya tsinke ya faɗa zurfi, ruwa yana ja da ƙarfi, kuma nan ne kifayen shak masu kai kamar guduma ke wucewa garke guda. Kafin kowa ya shiga, Malam yakan leƙa ya dubi inda ƙananan kifaye suka sa kai, don kullum ruwa suke fuskanta, daga nan ya san ta ina za a faɗa. Da sassafe ake sauka, a lafe kusa da bakin dandalin a jira. Wajen mita 30 iskar naitirojin takan sa wani irin maye, mutum ya ji daɗi ba dalili, lissafi ya kuɓuce masa. Shi ya sa yake ɗaga yatsu ga kowa, kai kuma ka mayar masa da adadin da ƙarin ɗaya. Wanda ya yi jinkiri, a ɗan haura da shi. Da garken ya ɓullo daga cikin shuɗin, suna kaɗa kai hagu da dama, ba wanda ya bi su. Masu kunya ne, yawan kumfa da motsi na korar su.

A jikin wannan dutsen ne Kusto ya kafa ƙauyensa na ƙarƙashin teku a 1963. Mutanensa suka yi wata guda a wani gida a mita 10, har da akunsu, biyu kuma suka yi mako a wani ɗaki kusan mita 30. Garejin ƙaramin jirginsu yana nan har yau, kamar rumbu a kan ƙafafu, murjani ya lulluɓe shi. Kusa da tashar Bur Sudan kuma akwai Umbriya, jirgin Italiya mai tsawon kimanin mita 150. Turawan Ingila sun tsare shi a nan, sai kyaftin ɗinsa ya ji a rediyo ƙasarsa ta shiga yaƙi ranar 10 ga Yunin 1940, ya nutsar da shi da gangan da bama-bamai 360,000 a cikinsa. Yana kwance a gefensa na hagu, da motocin Fiat uku a ciki. Shiga ɗakunansa sai wanda ya iya harbin ƙafa irin na kwaɗo, gefe da gefe, don harbi ɗaya zuwa ƙasa yana tayar da laka ta rufe ƙofar da ka shigo.

Fitowa ta fi shiga haɗari. Duk zaman da ka yi a ƙasa naitirojin na narkewa a jini da tsoka. In ka hau da sauri sai ta tashi kumfa kamar lemon kwalba da aka fasa, ta maƙale a gaɓoɓi ko lakar gadon baya, wani ya shanye, wani ya rasu. Tun 1908 masanin nan ɗan Sikotlan, Jon Holden, ya fitar da jadawalin hawa daki-daki, yau kuma 'yar kwamfuta a wuyan hannu ke yin lissafin. Ba a so a wuce kimanin mita 9 zuwa 10 a minti, kuma ba a hawa jirgin sama sai an sami aƙalla sa'o'i 18 bayan nutso da yawa.

A mita 5 ake tsayawa minti uku. Nutsona na ƙarshe a Sanganeb, hasken la'asar yana saukowa zara-zara, inuwar kwale-kwalenmu tana lilo a bisa kanmu. Wani kunkurun teku ya taso daga katangar, ya wuce tsakanina da Malam ba tare da ya karkace ba, ya kai hanci sama ya shaƙi iska, ya komo ƙasa. Malam ya bi shi da kallo har ya ɓace, sannan ya dubi wuyan hannunsa, ya ɗaga mini yatsa ɗaya. Saura minti guda.