Ido Ba Mudu Ba: Gwanintar Masu Ƙirga Tsuntsayen Fadama

Duk shekara, a tsakiyar watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe gari, akwai wasu bayin Allah da ke yin sammako su nufi bakin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru. Ba su ɗauke da koma ko gwafa. Madubin hangen nesa ne rataye a wuyansu, ga littafi da alƙalami a hannu, wani kuma ya saɓa babban madubi mai ƙafa uku a kafaɗa. Aikin da ya fito da su shi ne ƙirga tsuntsaye. A cikin makonnin nan, takwarorinsu a ƙasashe fiye da 100 suna bakin nasu ruwan suna yin irin wannan aiki, ƙarƙashin ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya wadda aka fara tun 1967, wadda kuma ƙungiyar Wetlands International ke tattara sakamakonta.

Wanda bai taɓa gani ba zai ce ai wannan shaci-faɗi ne. Yaya za a ƙirga abin da ba ya zama wuri ɗaya, wanda ko tari ka yi sai ya tashi, kuma dubbai ne a cakuɗe? Gaskiyar magana, akwai hanya, ana koyon ta, ana ƙwarewa a kanta, kuma wanda ya ƙware ya cancanci a jinjina masa.

Sai an san wurin kafin a gane nauyin aikin. Kogin Haɗeja da na Jama'are, idan suka gangaro suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasar gabashin Jigawa da yammacin Yobe, sai su rarrabu su bazu, su zama tafkuna da kududdufai da fadamu, kafin ragowar ruwan ya bi kogin Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Ga tsuntsun da ya taso daga Turai ko yammacin Asiya yana gudun sanyi, ya ratsa Sahara, wannan fadama tana cikin ruwan farko da zai tarar. Shi ya sa a watannin sanyi baƙi da 'yan gida ke haɗuwa a nan, a Dagona da Baturiya da tafkin Nguru da sauran wurare.

Matakin farko na gwaninta shi ne sanin waye wane. Ba a ƙirga abin da ba a sani ba. Ga mai wucewa, duk farin tsuntsun bakin ruwa balbela ce. Gwani kuwa baki da ƙafa yake dubawa. Balbela gajeren wuya gare ta, bakinta rawaya, kuma ta fi son bin shanu a tudu. Akwai wani ƙaramin farin zalɓe da ke tsayawa cikin ruwa, siriri, bakinsa baƙi, ƙafafunsa baƙaƙe, amma idan ya ɗaga ƙafa daga taɓo sai ka ga yatsun rawaya ne. Wannan ɗan bambanci shi ke raba layi biyu a littafin ƙidaya. A sama ma haka: zalɓe idan yana tashi yana naɗe wuyansa ya mayar da kai tsakanin kafaɗu, shamuwa da gauraka da jinjimi kuwa miƙe wuya suke yi. Da wannan kaɗai, daga nesa, cikin hazo, gwani ya riga ya raba su tun launi bai bayyana ba.

Agwagin ruwa su ne babbar jarrabawa. Kirinjijiya 'yar gida ce, farar fuska, dogon wuya, tana tsayawa ƙyam a bakin ruwa. Dinya ba ta ɓoyuwa saboda girmanta, baƙi da fari, ga ƙaimi a gwiwar fiffike. Sai baƙin da suka ƙetaro hamada: wata 'yar ƙaramar agwagwa da Turawa ke kira garganey, wadda namijinta ke da farin zane daga saman ido ya lanƙwasa zuwa ƙeya, da wata mai siririn wuya da jela mai tsini. Mata kuwa kusan dukkansu ruwan ƙasa ne, sai an lura da tsawon wuya da fasalin kai da yadda kowace ke zama a kan ruwa. Mai ƙidaya na gaske yakan gane tsuntsu daga tsayuwarsa da tafiyarsa da bugun fiffikensa, tun bai ga zanen jikinsa ba.

Kunne ma yana da nasa rabon. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma a wannan aiki maganar a zahiri take. Fiton kirinjijiya mai gaɓa uku yakan sanar da zuwan garke tun yana bayan ciyawa. Wasu tsuntsayen ma ba sa fitowa daga cikin duhuwa, da murya kawai ake sanin suna nan. Kuma kada a raina abin da kunne zai iya. A tsaunukan Jos, wani masani mai suna Robert Payne ya lura cewa wani ɗan tsuntsu mai saka ƙwai a sheƙar wani yana kwaikwayon kukan da bai dace da na kowane sanannen mai masaukinsa ba. Bin sawun wannan kuka ne ya kai ga gano wani ɗan jan tsuntsun duwatsu wanda kimiyya ba ta san da shi ba, aka bayyana shi a 1998.

To, an san su, sai ƙirga. Gwani ba ya isa ya fara lissafi nan take. Yakan zaɓi wurin tsayawa ta yadda rana za ta kasance a bayansa, don idan tana gabansa duk tsuntsu baƙi zai zama. Yakan tsaya nesa kaɗan, ba hayaniya, ba nuni da hannu. Sannan ya share filin duka da ido sau ɗaya, ya yi ƙiyasi na gaggawa ya ajiye a rai, domin idan shirwa ta gitta ko kwale-kwale ya ɓullo garken ya watse, yana da abin riƙewa. Bayan haka ne yake farawa daga gefe guda, yana jan madubi a hankali zuwa ɗaya gefen.

Idan tsuntsayen ba su da yawa, ɗaya bayan ɗaya ake bin su. Idan sun kai dubbai, a nan asirin sana'ar yake. Sai ya ƙirga 10 daidai, ya kalli faɗin wurin da goman nan suka ci, ya riƙe wannan faɗi a idonsa. Daga nan ya dinga aza shi a kan garken: goma, ashirin, talatin, har 100. Yanzu ya san girman ɗari, sai ya koma awo da ɗari-ɗari. Wahalar ita ce garke ba ya zama bai ɗaya. Tsakiya a cushe take, gefe a warwatse, na nesa kuma sun fi kama da a matse saboda na gaba sun tare na baya. Don haka dole ma'aunin da ke idonsa ya riƙa tsukewa yana buɗewa gwargwadon cunkoso. Kamar dai tsohon ma'auni a kasuwar hatsi, wanda zai dubi tsibin gero ya faɗi tiya nawa ne, a auna a tarar bai yi nisa ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, sai dai idon da aka horar.

Mutum biyu ne suka fi dacewa da aikin, ɗaya ido a madubi, ɗaya hannu a littafi. Mai dubawa ba ya ɗaga kai, don da ya ɗaga ya ɓata inda ya tsaya. Sai dai ka ji yana magana ƙasa-ƙasa: "Malam, rubuta, kirinjijiya 300. Ƙara 50. Dinya 12." Mai rubutu ya maimaita don a tabbatar. Wasu suna riƙe 'yar na'urar latsawa, kowace latsa tana nufin goma ko ɗari. Idan garken gauraye ne, akan bi shi sau da yawa, kowane bi da irin da ake nema. Balbela kuwa, da yake da rana a warwatse take cikin shanu, akan jira ta da yamma a bishiyoyin da take kwana, a ƙirga ta rukuni-rukuni tana shigowa.

Tarkunan da ke cikin aikin ba kaɗan ba ne. Sabon shiga yakan rage adadin babban garke, ya ga dubu biyar ya ce dubu biyu. Maganin wannan shi ne gwaji: a watsa wake ko shinkafa a faifai, a kalla na ɗan lokaci, a faɗi adadi, sannan a ƙirga a ga tazarar. Ko a ɗauki hoton garke, a yi ƙiyasi, a dawo gida a bi hoton ɗaya-ɗaya. Akwai kuma haɗarin ƙirga garke ɗaya sau biyu, idan ya tashi daga wannan tafki ya sauka a wancan. Shi ya sa rukunonin masu ƙidaya ke fita lokaci guda, kuma duk garken da ya tashi akan rubuta ƙarfe nawa ne da inda ya dosa, a zauna daga baya a daidaita. Lokaci ma ba ya jira: da hantsi ya ɗaga, zafi ya fara sa iska rawa a saman ruwa, abin da ke nesa sai ya narke a madubi.

Amma abin da ya fi burge ni a wannan sana'a shi ne amana. Babu mai tsaye a kan mai ƙidaya. Idan ya ƙara sifili, ba wanda zai kama shi. Duk da haka ƙa'idarsu ita ce abin da ka gani shi za ka rubuta. Idan ba ka tabbatar da irin ba, ka rubuta "agwagwa, ba a tantance ba". Idan ka je tafkin da bara ya cika da tsuntsaye ka tarar ba ko ɗaya, ka rubuta sifili, don wannan sifilin labari ne babba. Kuma a koma wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, da hanya ɗaya, shekara bayan shekara. Ƙidayar shekara guda ba ta cewa komai. Sai an jera ta shekara ashirin ko talatin take buɗe baki.

Masu hankali a cikinsu sun san ba su kaɗai ne masana ba. Ba a shiga ruwan mutane ba sallama. Akan fara gaida bulama ko dagaci, a nemi masuncin da zai tuƙa kwale-kwale. Shi ne ya san mashigar da ta toshe bana, da tsibirin da dinya ke yini, da tsuntsun da a zamanin mahaifinsa ake gani yanzu ba a gani. Ilmin madubi da ilmin masunci idan suka haɗu, littafin ya fi cika.

Me duk wannan wahala ke haifarwa? Yarjejeniyar kare dausayi da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971 tana da ma'aunai, ciki har da cewa wurin da ke ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai, ko kashi 1 cikin 100 na wani iri, wuri ne mai muhimmanci ga duniya. Ba a kafa irin wannan hujja da baki, sai da ƙidaya. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin irin waɗannan wurare a 2000, Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008. Haka kuma, tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin ambaliyar fadamar ya sauya. Ciyawar kachalla ta mamaye mashigai, ta hana ruwa isa wasu gonaki, ta takura masunta, ta kuma zama mafakar tsuntsun jan baki mai cinye hatsi. Tsuntsun ruwa yana bin ruwa mai rai ne, don haka inda ya ƙaurace, da wuya a ce kifi da shinkafa da makiyaya suna lafiya. Gauraka, wadda kakanninmu suka saba gani a fadamu, yau ganinta a Najeriya ya zama abin labari. Ungulun da ke cika mahauta a da, tun 2015 aka saka ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Masu ƙirga ne suka mayar da "kamar sun ragu" ta zama hujjar da za a iya ajiyewa gaban hukuma.

Abin farin ciki, ƙofar a buɗe take. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos, wadda aka kafa a 2001, ta horar da matasa da dama, kuma daga can aka ƙaddamar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da kwance. Ɗan sa-kai zai shiga gida ɗaya, ya yi aƙalla awa 2 yana rubuta duk irin da ya gani ko ya ji a manhajar waya mai suna BirdLasser. Ƙungiyoyin masu kallon tsuntsaye a Jos da Ibadan da Legas, da matasan Arewa da suka haɗa tasu tawagar, su ne ƙashin bayan aikin, ga kuma gidauniyar kare muhalli ta NCF da ta daɗe tana aiki a fadamar Haɗeja da Nguru.

Mai karatu, ba sai kana da madubi za ka fara ba. Zaɓi kududdufin bayan gari ko bishiyar da balbela ke kwana a unguwarku. Je ka sau ɗaya a mako, a lokaci ɗaya, ka ƙirga, ka rubuta kwanan wata. Tambayi dattawa sunan duk tsuntsun da ba ka sani ba, ka rubuta shi da Hausa. Ka ja yaranka su tafi tare da kai. Idan kuma akwai ƙungiyar masu wannan aiki kusa da kai, ka neme su kafin Janairu mai zuwa, domin tafkunan suna da yawa, masu ƙirgawa kuwa kaɗan ne.