Faɗakarwa a Kan Littafin Furanni a Cikin Madubi da Ɗaurin Ƙafar 'Yan Mata a Ƙasar Sin

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, ka sani, ya kai mai karatu, ko kana zaune gaban allo ko kana bakin rumfa, wannan faɗakarwa ce a kan littafin wani malamin ƙasar Sin mai suna Li Rujan, wanda ya rasu wajen 1830, da kuma al'adar da ya soka a cikinsa, wato ɗaure ƙafafun 'yan mata domin su ƙanƙance. Sunan littafin, in an juya shi da Hausa, Furanni a Cikin Madubi, kuma babi 100 gare shi. Nufinmu mu auna inda marubucin ya dace da inda ya gaza, domin a cikin wannan awo akwai izina ga wanda zai nemi aure, da wanda ya haifi 'ya, da wanda ke sayar da kayan ado.

Fasali na farko, bayanin ɗaurin

Ba za ka gane nauyin littafin ba sai ka san abin da ake yi. Idan yarinya ta kai shekara 4 zuwa 9, galibi da shigowar sanyi domin ƙafa ta ɗan mutu, sai uwarta ko wata tsohuwa ta jiƙa mata ƙafafu a ruwan ɗumi, ta yanke farce, ta barbaɗa alif. Sa'an nan ta lanƙwashe ƙananan yatsu huɗu zuwa ƙarƙashin tafin ƙafa, ta bar babban yatsa shi kaɗai. Sai ta ɗauko ƙyalle mai tsawon kamu 6 ko kusa da haka ta naɗe, tana jan diddige da gaban ƙafa su nufi juna, har gadon ƙafar ya karye ya tashi kamar tudu. Bayan 'yan kwanaki a kwance a sake ɗaurewa, kowane ɗauri ya fi na baya tsanani, kuma a tilasta wa yarinyar ta taka ta yi tafiya a kan yatsunta da ke ƙarƙashi. Haka za a yi ta yi wajen shekara 2. Nama yakan ruɓe, yatsa yakan faɗi, wasu yaran kuwa ciwon ya zama ajalinsu. Abin da ake nema shi ne ƙafa mai inci 3 na awon Sin, kimanin santimita 10, wato kamar faɗin tafin hannun babban mutum. Wadda ta kai wannan awo suna kiran ƙafarta badon zinariya.

Fasali na biyu, asalin al'adar da abin da ya raya ta

Masu tarihin Sin suna ba da labari cewa abin ya faro a ƙarni na 10 a fadar sarki Li Yu, wanda ya sa wata mai rawa ta naɗe ƙafafunta da farin siliki su yi kamar jinjirin wata. Wannan ruwaya ce. Abin da ya tabbata shi ne an buɗe kabarin wata matar babban gida mai suna Huwang Shang, wadda ta rasu a 1243 tana da shekara 17, aka tarar da ƙafafunta a naɗe. Daga fada abin ya sauka gidajen malamai da attajirai, daga nan ya isa ƙauye, har masana suka ƙiyasta cewa a ƙarni na 19 kusan rabin matan ƙasar suna da ɗaurarriyar ƙafa, a manyan gidaje kuwa da wuya a sami wadda ta tsira.

Ka sani abubuwa biyu suka riƙe wannan al'ada, sha'awa da kunya. Ta wajen sha'awa, maza sun mai da ƙaramar ƙafa abin begensu, suka yi mata waƙoƙi, har wani marubuci ya kasa ta kashi 58 yana ba kowane kashi suna da daraja, kamar yadda dillali ke kasa dawaki. An ruwaito cewa mawaƙi Yang Waijan, wanda ya rasu a 1370, yakan sa ƙoƙon giya a cikin takalmin 'yar rawa a zagaya da shi wurin shagali. Amma ka lura, abin da suke bege takalmi ne mai ado da tafiyar rangaji. Ƙafar kanta a ɓoye take dare da rana, mace takan wanke ta a keɓe, har barci da takalmin barci ake yi, domin abin da ke cikin ƙyallen rauni ne mai wari. Ta wajen kunya kuwa, ƙafar da Allah Ya halitta ita ce ta zama aibi. Mai dalilin aure takan ɗauki takalmin yarinya ta kai gidan masu nema, in ya yi girma magana ta mutu. Sarakunan Mancu, da suka ci ƙasar a 1644, sun hana matansu ɗaurin, kuma a farkon zamanin sarki Kangshi an kafa wa kowa doka, amma a 1668 aka janye ta, domin dokar sarki ba ta iya da dokar masu neman aure ba.

Kada kuma ka ce wannan halin wasu mutane ne can. Musulmin Hui na lardin Gansu su ma sun ɗauki al'adar suka riƙe ta har cikin ƙarni na 20, alhali a birnin Kanton wani Bature mai suna Jems Leg ya ga an liƙa takarda a masallaci ana hani da ita, da hujjar cewa canza halitta ce. Al'ada idan ta shiga ta ƙofar aure, ba ta tambayar addinin masu gida.

Fasali na uku, inda Li Rujan ya dace

Tun a ƙarni na 13 wani malami, Ce Ruwoshuwai, ya yi tambaya a rubuce, wane laifi yarinya 'yar shekara 4 ko 5 ta yi da za a ɗora mata wannan azaba. Tambayarsa ta wuce kamar iska. Li Rujan ya gane cewa namiji ba ya jin ciwon da bai taɓa jikinsa ba, sai ya bi wata hanya. Ya ƙaga wani falke mai suna Lin Jiyang, wanda ke yawon fatauci a jirgin ruwa tare da surukinsa Tang Awo, har suka sauka a Ƙasar Mata, inda mata ke sarauta da fita nema, maza kuwa suna kulle suna ado. Lin ya ɗauki hajarsa ta hoda da jan-baki ya nufi fada yana lissafin riba. Sarkin ƙasar, wadda mace ce, ta ga falken ya yi mata, sai ta ce a tsare shi a shirya mata shi. Kuyangi masu gemu suka danne shi, suka huda masa kunnuwa, suka ɗaure masa ƙafafu. Da dare ya yi ya kwance, aka yi masa dukan gora aka sake ɗaurewa. Ya sake tawaye, aka rataye shi a jikin azara kai ƙasa. Daga ƙarshe ƙafafun suka ruɓe suka ƙanƙance, ya sallama.

A nan marubucin ya dace ta fuska uku. Ta farko, ya ɗora ciwon a jikin wanda ba ya jinsa, kuma jiki magayi. Mai karatu namiji da ya saba ganin ɗaurin a ƙafar ƙanwarsa bai ce komai ba, yanzu ya gan shi a ƙafar ƙato mai gemu irinsa, sai ya ga zalunci tsirara. Ta biyu, bai canza komai a cikin aikin ba sai wanda ake yi wa, don haka duk hujjar da mai karatu zai kawo ya ceci Lin, ita ce hujjar da za ta ceci 'yarsa. Ta uku, kuma ita ce ta fi zurfi, ya zaɓi mai sayar da kayan kwalliya. Mutumin da ke cin abinci da adon mata, bai taɓa tambayar abin da adon ke ci a jikinsu ba, shi ne aka wayi gari ya zama hajar. Ya kai ɗan kasuwa, wannan wurin naka ne, ka tsaya a kansa.

Fasali na huɗu, inda ya gaza

Amma adalci ya wajabta mu faɗi gazawarsa. Ta farko, ya ba falkensa mafita. Tang Awo ya ɗauki aikin gyaran kogin da ke yi wa ƙasar ambaliya, mutane suka matsa wa sarki, aka saki Lin ya koma jirginsa da matarsa. Mai karatu ya yi dariya, ya yi ajiyar zuciya, ya rufe littafi. Yarinyar Sin kuwa ba ta da jirgin da ke jiranta. Wani bincike da aka buga a 1997 a kan tsofaffin matan Bejin ya sami 38 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 80 da nakasasshiyar ƙafa, kuma sun fi sauran yawan faɗuwa da kasa tsugunawa da kasa tashi daga kujera. Abin da ya zama 'yan kwanaki a hikaya, a jiki ya zama shekara 70.

Ta biyu, ya binne wannan babi mai zafi a ƙarƙashin tarin wasanni da kacici-kacici da baje kolin ilmi da suka cika rabin littafin na ƙarshe, har mai karatu ya ɗauke shi ɗaya daga cikin abubuwan mamaki na tafiya.

Ta uku, ya nuna ciwo bai nuna tarkon ba. Idan ka ce, ai uwa ce ke ɗaurewa da hannunta, laifin nata ne, sai mu ce maka: uwar ta san zafin fiye da kowa, domin a ƙafarta yake. Amma ta san kuma in ta tausaya wa 'yarta yau, gobe ba mai aurenta sai a bauta ko gidan wahala. Gida ɗaya ba ya iya fita shi kaɗai. Hannun uwa ne ke jan ƙyallen, amma idon mai nema ne ya yanka tsawonsa. Sa'an nan akwai lissafin dukiya da littafin bai taɓo ba. Wasu malamai mata biyu, Bosen da Gets, sun tambayi tsofaffin matan ƙauye kusan 1,800, suka fitar da littafi a 2017, suka nuna cewa ɗaurin yana zaunar da ƙaramar yarinya wuri ɗaya tana kaɗi da saƙa, kuma inda zare da yadin masana'anta suka iso da araha, nan ɗaurin ya fara ja baya.

Fasali na biyar, yadda kunya ta juya

Ga abin da ya kashe al'adar. A 1874 aka kafa ƙungiyar hani ta farko a Shiyamen ƙarƙashin wani ɗan mishan, Jon Makgowan. A 1883 malami Kang Yuwai ya kafa tasa kusa da Kanton, a 1895 Alisiya Litil ta kafa wata a Shanghai. Ƙarfin irin waɗannan ƙungiyoyi alkawari ne mai baki biyu: mutum ya yi alkawari ba zai ɗaure 'yarsa ba, kuma ba zai aura wa ɗansa mai ɗaurarriyar ƙafa ba. Da haka uwa ta sami tabbacin miji ga 'yarta, tarko ya buɗe. Doka ta biyo baya a 1902 daga uwar sarki Sishi, da kuma 1912 bayan faɗuwar sarauta. A gundumar Dingshiyan, inda ɗaurin ya kai 99 cikin 100 a 1889, zuwa 1919 an daina sabon ɗauri. Masana'antar ƙarshe mai ɗinka irin takalmin, a birnin Harbin, ta daina a 1999. Al'adar da ta yi ƙarnoni ta faɗi a cikin rayuwar mutum ɗaya.

Amma ka dubi wanda ya biya kuɗin juyin. A 1898 Kang Yuwai ya rubuta wa sarki cewa baƙi suna ɗaukar hoton ƙafafun suna yi wa Sin dariya, wato kunyar maza a idon duniya ta yi abin da kukan yara bai yi ba. Sai ƙafar da jiya take abin alfahari ta zama abin gori. A lardin Shanshi aka naɗa masu duba ƙafa suna shiga gidaje suna cin tara, aka tilasta wa manyan mata kwancewa, alhali kwance karyayyen ƙashi wata azaba ce. An ruwaito cewa Ju An, amaryar marubuci Lu Shun, ranar aurensu a 1906 ta sa babban takalmi ta cusa auduga domin ta san angon ba ya son ƙaramar ƙafa, sai takalmin ya faɗi a gaban jama'a. Bai zauna da ita zaman aure ba, ta ƙare tana hidimar uwarsa, ta rasu a 1947. An karya ta tana yarinya domin a aure ta, aka guje ta tana babba domin an karya ta.

Kammalawa

Hukuncinmu a kan Li Rujan shi ne ya ga gaskiya kuma ya sami hanyar nuna ta ga maza, wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne a zamaninsa, amma ya tsaya ga tausayi bai kai ga alkawari ba. Kai kuwa, ya ɗan'uwa, laifi tudu ne. Kafin ka yi mamakin mutanen Sin, ka tambayi kanka wane sharaɗi idonka ke gindayawa wanda sai mace ta cutar da jikinta za ta cika shi, kuma wane kaya ke kan teburinka wanda ribarsa ke fitowa daga tsoron yarinya cewa launinta ko siffarta ba za su samo mata miji ba. In ka same shi, wa'azi ga mata ba zai ɗauke shi ba, sai ku masu nema da masu sayarwa kun haɗa baki kun janye sharaɗin, kuma ku yi sassauci ga waɗanda ya riga ya taɓa. Allah ne Mafi sani. Tammat.